Waƙar da Na Ara wa Mai Murya

Masu karatu, kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan wannan rubutun, ku bari in kai ƙarshe. Na san abin da za ku ce. Ni ma na faɗa wa kaina ya fi a ƙirga, kuma da yake a zuci nake faɗa, ko sau ɗaya harshena bai sarƙe ba.

Ni mai in'ina ce, gara ku sani tun yanzu. In na zo kan kalmar da ta fara da "m" ko "b", kuna iya tafiya ku dafa shayi ku dawo ku same ni a wurin. Ku duba ikon Allah kuma, "Mama" da "m" ta fara. Shi ya sa a gidanmu aka ɗauke ni marar son magana, alhali ni na fi kowa surutu, sai dai nawa a takarda yake.

Ranar Asabar ɗin da zan ba ku labarinta, muryar mai neman aurena ce ta tashe ni. Ba zuwa ya yi ba. Mama ce ta jingina wayarta da gwangwanin sukari a kan teburin guga, ta kunna bidiyon nan da duk ƙasar ta gani. Ga shi tsaye cikin farar riga, fitila ta haske shi, ya dafa ƙirji:

"Hannun uwata ba ya shiga hoto.
In mai hoto ya ce a yi murmushi, ita hannu take fara ɓoyewa.
A bayansa akwai shatin dutsen guga,
wurin da ya ƙone don rigar makarantata ta miƙe."

"Auta, zo ki ji wurin nan," in ji Mama, tana share ido da gefen zani.

"Na ji shi, M-m-mama."

"Ba ki ji ba. Da kin ji da yanzu kin ba yaron nan amsa. Ɗan da ya lura da hannun uwarsa haka ai ba zai wulaƙanta mace ba. Ke kuwa shekara ashirin da shida ina ɗawainiya da ke, ko sannu da ƙuna ba ki taɓa ce min ba."

Na kalli bayan hannunta na dama, inda tabon yake kwance, baƙi, mai tsini a gaba. Tun rasuwar Baba take gugar kayan unguwa. Ina 'yar aji uku ta ƙone, tana sauri kada in makara.

Na ce, "Sannu da ƙuna."

"Ba na so. Sai da na roƙa."

To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku: ni na rubuta waƙar nan. Kowace kalma. A shagon buga takardun da nake aiki na rubuta ta, a bayan wata takardar da firinta ta ɓata.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san gasar Tsaya Ka Faɗa ba, in akwai shi. Waƙa ce da ba a rerawa, ba kiɗa ba amshi. Mutum zai tsaya ya faɗi abin da ya rubuta da ka, masu sauraro su yi hukunci. Yau in an ce za a yi zagayen ƙarshe, har masu shayi kan juya talabijin. Amma shekara huɗu da suka wuce mu tara ne, a siton bayan shagonmu, a tsakanin kwalayen takarda, bisa benci biyu na aro. Ni na raɗa sunan. Ni na buga takardar sanarwar farko. Dokarmu ɗaya ce, ƙawata da muke kira Sakatariya ta rubuta a jikin kwali: kada ka wuce minti uku. Wanda ya ci ya tafi da filas ɗin shayi, shi ma murfinsa yana yoyo.

A wannan ranar ta farko na tashi da takardata. Na daɗe ina shiri a gaban madubi. Tsautsayi, baitin farko da "b" ya fara. Na tsaya ina "b-b-b" har na ji gumi yana bin bayana, wani ya yi tari, wata ta sunkuyar da kai don tausayi, wanda ya fi dariya ciwo. Sai wani dogon saurayi da ya zo ɗaukar hoton takardun makarantarsa, ya leƙo kawai don ya ji hayaniya, ya matso ya ce a hankali, "In taya ki?" Na miƙa masa. Ya karanta. Wallahi ni kaina ban san abin da na rubuta yana da daɗi haka ba sai da ya bi ta maƙogwaronsa. Shi ya tafi da filas ɗin. Daga ranar aka sa masa Mai Murya.

Ba wanda ya ce a ɓoye komai. Kawai ba wanda ya tambaya. Mutanen nan tara sun ɗauka aron rana ɗaya ne, suka manta.

Shekara ta biyu muka koma zauren wata makarantar firamare, da lasifikar da kan kamo tashar rediyo a tsakiyar waƙa. Wani ya ɗauki bidiyo ya watsa, sai ga saƙonni daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa yana so a buɗe musu reshe. Shekara ta uku gidan rediyo ya shigo, wani kamfanin lemo ya bi bayansa da tutoci. Bana kowane yanki sai da ya yi nasa zagayen, akwai talabijin, akwai lauya, akwai riguna masu tambari, akwai shugaban amintattu wanda a iya sanina bai taɓa jin waƙa ɗaya har ƙarshe ba, saboda waya. Dokarmu guda ta haihu ta zama littafi mai shafi arba'in da biyu. Ni na buga shi. Wanda ya ci bana mota zai samu.

Ni kuwa bara mai gadi ya tsayar da ni a ƙofar zaure saboda ba ni da katin wuya. Na so in yi masa bayani cewa ni na kafa abin, amma layi ya yi tsawo a bayana, kuma da "ba ka san ni ba" zan fara. A waje na ji waƙata ta lasifika.

Za ku ce to me na gani a jikinsa. Zan gaya muku. Duk duniya shi kaɗai ne ba ya ƙarasa min magana. Mama kan ƙarasa, Yaya kan ƙarasa, kwastomomi kan ƙarasa, kuma rabinsu ba abin da nake nufi suke ƙarasawa ba. Shi sai ya jira, ido cikin ido, ba ya duba agogo, har kalmar ta fito. In ba ku taɓa maƙalewa a tsakiyar sunanku ba, ba za ku san girman wannan ba. "Alƙalamina" yake kirana. Shekara uku ina jin daɗin sunan kafin in zauna in yi tunanin me ake yi da alƙalami in an gama rubutu.

To, mu dawo Asabar. Ranar ce mahaifiyarsa za ta zo ta ga Mama karon farko, shi ya sa aka tashe ni da bidiyo, a ƙara min ƙarfin gwiwa. Kafin azahar an sauya labulen falo, an tura teburin guga bayan ƙofa an lulluɓe shi da zanin gado, kayan mutane da ba a gama ba an danna su ƙarƙashin gadona. Yaya ta aiko da kofunan gilashinta da saƙo: "Ki saki fuska. Ki yi ta murmushi, ba sai kin yi magana ba. Kin san irin wannan ba ya zuwa sau biyu." Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafin da Mama ta goge har sau biyu. Ita kuma ta sa leshinta na fita, ta yafa babban mayafi mai saukowa har yatsu.

Ƙarfe huɗu mota ta tsaya. Ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Doguwa ce kamar ɗanta, ta yi ritaya daga banki, leshi ruwan toka, tabarau mai sarƙa, zobe uku. Da ta miƙa hannu ta ɗauki kofin lemo na ga idon Mama ya bi hannun. Sumul, masu karatu. Hannun da bai taɓa ɗaga abin da ya fi biro nauyi ba.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka yabi labule. Ni ina gefe ina aikin da aka ba ni, wato murmushi. Mai Murya yana ƙasa a kan darduma, ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗan kirkin da yake.

"Ai ni yaron nan ya hana ni sakat," in ji mahaifiyarsa, tana dariya. "Duk inda na shiga sai a ce ga mai hannun nan. Rannan a asibiti wata ma'aikaciya ta riƙe ni tana kuka, sai da na rarrashe ta."

"Allah sarki," in ji Mama. "Ni ma kullum sai na yi hawaye. Hajiya, ko zan ga wurin?"

Hajiya ta miƙo na dama, ta juya shi, ta duba. Ta miƙo na hagu, shi ma ta duba, kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi.

"Ya ɓace," ta ce. "Gaskiya ni ban ma tuna lokacin da na ƙone ba. Amma kin san yaro ba ya mantuwa. Akwai wani mai da nake shafawa, ina jin shi ya cinye shi. Zan aiko miki da kwalba ɗaya."

"Lallai man nan yana da kyau," in ji Mama.

Mai Murya ya ɗan ƙware da lemo, amma nan da nan ya gyara zama. Ya sauke murya irin yadda yake yi a dandamali. "Waƙa ai ba hoto ba ce, Mama. Wani tabon a zuciyar ɗa yake zama, ba a fatar uwa ba."

Iyaye biyu suka gyaɗa kai tare. Hajiya har da cire tabarau. Ni kuwa na ci gaba da murmushi, don wannan ma tawa ce. Wata biyu da suka wuce na tura masa ita, lokacin da zai yi hira a rediyo yana tsoron a yi masa irin wannan tambayar.

Da muka rako su mota, ya ja baya muka jera.

"Alƙalamina, kin ga yadda suka shaƙu? An gama." Ya ƙara rage murya. "Saura ta zagayen ƙarshe. Mako uku ne fa. Ta uwa ta karɓu sosai, wannan karon kan uba nake so."

"B-b-babanka?"

Ya jira har na gama, kamar kullum. Sannan ya yi 'yar dariya. "Tsohon nan da ba ya barin gaban talabijin? Me za a ce a kansa? A'a, ki tuno naki. Rashin nan, yadda kika ji. Ki zubo shi duka, ni na san yadda zan ɗauke shi."

Ya shiga mota, ya ɗago min hannu. Babansa yana nan da ransa, masu karatu, lafiyarsa ƙalau, har ya fi ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin ko shi ma akwai man da za a ce ya shafa.

Muka koma ciki ni da Mama. Ta cire leshi, ta jawo teburin guga, ta ce in fito da kayan mutane. Lahadi ma haka. Bidiyon ne dai ban sake jin an kunna ba.

Litinin da hantsi ina shago ina fama da firinta da ta cije takarda, sai ga Sakatariya. Yanzu da gaske sakatariya ce, ta gasar gaba ɗaya, da ofis da na'urar sanyaya ɗaki. Ta zauna a kan kwali kamar da, ta cire takalmi mai tsini tana murza ƙafa.

"Kin ji abin da ya faru a yankin gabas?"

Na girgiza kai.

"Wanda ya zo na ɗaya, ashe sayen waƙar ya yi. Mai ita ta fito da hujja. Masu lemo sun ce in aka sake samun irin wannan za su kwashe tutocinsu, talabijin kuma ta bi su. Kin san yara nawa suka yi rajista bana? Wata yarinya kwana biyu ta yi a mota don ta tsaya minti uku." Ta buɗe jaka. "An kafa kwamitin tantancewa. Lauya ya ce a nemo wanda ya san salon kowa. Na ce akwai wadda ta buga waƙoƙin gasar nan tun muna mu tara, ko an rufe suna za ta gaya muku wa ya rubuta me."

Ta rataya min wani abu a wuya. Katin shiga ne, mai shuɗin zare, da hotona da ban san inda ta samo ba. Shekara huɗu, sai yau.

"Aikin ba wuya. Mutum goma sha biyu ne. Ki karanta ta kowa, ki sa hannu cewa tasa ce. Ba magana, rubutu ne zalla, na gaya musu." Ta miƙo fayil. "Na san akwai mutumin naki a ciki, amma wannan ai ba a ma tambaya. Wa bai san salon Mai Murya ba?"

Ita ce fa ta rubuta doka a kwali ranar da na maƙale. Tana wurin. Ta manta ne, ko ta zaɓi ta manta, ban sani ba, kuma ta riga ta sa takalmi.

Kafin in gama ciro takardar daga firinta wayata ta yi ƙara.

"Yanzu nake jin labari. Ke ce a kwamiti?"

"Eh."

"Kin ga yadda Allah yake shirya abinsa? Ke ki rubuta, ke ki tantance." Ya jero fuskokin dariya guda uku da zuciya ja. "Ina ta uban ta kwana?"

Ban amsa ba. Amma kada ku ɗauka jarumta ce. Da na koma gida da la'asar, ɗaki na shiga na ɗauko littafina na fara. Haka na saba, ya ce in rubuta, hannuna ya tafi. Na rubuta yadda Baba yake ɗora ni a kan kekensa, yana ce min in yi ta magana iska za ta kwashe in'inar. Na kai layi na shida na ga takardar tana jiƙewa.

"Wannan kuma ta wa za a ce?"

Mama ce a bakin ƙofa, da rigar wani a kafaɗa. Na rufe littafin, amma ta riga ta hango kalmar "Baba".

"Ta ubansa mai rai, ko ta naki da ke ƙasa?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta shigo ta zauna a bakin gado. Ba ta ƙarasa min ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"M-mama, kin... yaushe kika sani?"

"Ranar da na fara ji. Wa yake tsayawa kusa da ni in ana hoto? Wa nake damƙe wa kafaɗa ta baya don hannun ya ɓuya? Shi ɗan bankin?"

"To m-me ya sa kike ta yabonsa?"

"Ina jira in ga ranar da za ki ji haushi." Ta shiga ninke rigar a cinyarta. "Wata biyar ina kunna abin nan a kunnenki safe da rana, har na gaji da kukan. Na ce yau za ta fashe, gobe za ta fashe. Ke kuwa sai ki ce min sannu da ƙuna. Har na gayyato matar nan na sa ta juya hannu a gabanki, kika zauna kina washe haƙora."

"Yaya ce ta ce in yi m-murmushi."

"Yayarki ai ba ta da wayo, kowa ya sani."

Na yi dariya da hawaye a fuska. Sannan na tambaye ta abin da ya fi damuna. "Auren fa? Ke kika ce in ba shi amsa."

"Amsa na ce, ban ce wace iri ba. Yaron yana da ladabi, yana da murya, kuma na ga yana jiranki in kina magana, ban raina wannan ba. In kina sonsa ki aure shi. Hannuna na yafe, ya riga ya shiga duniya a jikin wata." Ta miƙe, ta dafa littafin da yatsa ɗaya. "Amma ubanki ba na aro ba ne."

Ta fita. Jim kaɗan na ji ƙarar yayyafa ruwa a kan tufa.

Na ɗauki waya. Saƙonsa bakwai suna jira, na ƙarshe yana cewa, "Alƙalamina, shirun ya yi yawa. Ko layi huɗu ne turo in fara haddacewa." Na fara rubuta amsa, ta fito da kyau, da tsari, da lallashi, irin wadda zai iya karantawa a rediyo. Na goge. Na sake wata, ita ma ta yi kyau da yawa. Na goge.

Tunda na mallaki waya ban taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Na danna alamar makirfon na riƙe. Abin da zan faɗa gajere ne: ba zan rubuta ba, ba zan sa hannu ba, ranar Asabar kwamiti zai zauna, ko ya je ya faɗa musu da bakinsa kafin nan, ko ni in faɗa da nawa, kome daɗewar da zan yi. Ku ƙirga "b" nawa ke ciki. Minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya ya ɗauke ni. Ban saurara ba, don na san in na ji kaina zan goge. Na saki yatsa ya tafi.

Alama ta nuna ya buɗe. Na zuba wa wayar ido ina lissafin lokacin, in ga ko zai ji har ƙarshe. Minti biyu suka wuce, sannan saman wayar ya nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya.

Sai saƙo ya shigo, layi ɗaya, na farko a shekara huɗu da na tabbata shi ya tsara abinsa:

"Ina ƙofar gidanku. Fito, amma don Allah wannan karon ni za ki jira in gama."